Neman tsoffin sulalla da na'ura a bayan Katsina: mu tsaya gona ko mu shiga kufai?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina da aboki tun na makarantar allo, yana da na'urar gano ƙarfe wadda ya saya lokacin da matasa ke tururuwa zuwa Jado a Nijar neman zinare. Ya dawo da ita ya jingine a ɗaki. Bana da aka cire amfanin gona muka fara fita da ita gonar kawuna a hanyar Mani, inda dattawa suka ce kasuwar ƙauye ta taɓa ci a gindin wata kuka.

Mafi yawan abin da ke fitowa tarkace ne: ƙusa, marfin kwalba, gwangwanin madara, guntun fartanya. Amma mun samu kwabbai masu huji, da anini, da sule ɗaya na 1959. Akwai kwabon da ya fi ɗaukar mini hankali. Da ya fito, ƙasa ta toshe hujin, jikinsa ya yi baƙi-baƙi. Na jiƙa shi a ruwa ya kwana, da safe sai ga tauraro mai tsini shida ya bayyana da shekara 1936, ɗaya gefen kuma kambin sarauta da rubutun Larabci a ƙarƙashin hujin, da sunan Edward VIII.

To yanzu abokina ya matsa mu wuce gaba. Akwai wani kufai can arewa da gonar, mai tuddai, tsingaro ko'ina. Ya ce can ne kuɗin mutanen da na asali suke, wataƙila har da tulun zinariya. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Me waɗannan sulalla suke da shi na daraja? Kuma me addini da doka suka ce kan tonon kufai?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Kwabo mai huji? Ai ɗan'uwa ka warke. An ce akwai masu sayensa da tsada saboda wani sinadari da Turawa suka sa a ciki. Kada ka nuna wa kowa, ka nemi dillali mai amana.

Maƙerin Farfaru:
Baban Khalifa, don Allah kada ka jefa yaron nan hannun 'yan damfara. Sana'armu ke nan tun kakanni, mun narka sulalla ba adadi, babu wani sinadari a ciki. Kwabo da anini haɗin jan ƙarfe ne da wani farin ƙarfe, na baya-baya kuma tagulla. Labarin nan shi ne dai wanda ake yi kan tsohon dutsen guga da tsohon keken ɗinki. Za a ce maka akwai mai saye a Legas ko Kwatano, amma sai ka biya kuɗin gwaji tukuna. Kana biya lambar ta daina shiga.

Abin da ke da ƙima a wurinmu shi ne azurfa. Sule da dala (sule biyu) da sisi da taro waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau. Daga 1920 aka koma yin su da tagulla, shi ya sa za ka ga na baya sun yi ruwan ɗorawa. Sulen azurfa ma bai kai giram 6 ba, ka ga ba abin da zai sa mutum ya ajiye aikinsa.

Malamin Tarihi:
Madalla da wannan tambaya, na daɗe ina son a taɓo ta a zauren nan. Ɗan Ƙofar Sauri, bari in fara da kwabonka. Edward VIII ya hau sarautar Ingila a watan Janairun 1936, ya sauka a Disambar shekarar. A Ingila kanta sulalla masu sunansa ba su shiga hannun jama'a ba, amma na Afirka ta Yamma sun shiga: anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo. Don haka abu ne mai daɗin ajiyewa. Sai dai an buga su da yawan gaske, masu tara sulalla a duniya ba sa rasa su, farashinsu kaɗan ne. Ka duba da kyau ƙila ka ga ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antun da suka buga su ne a Birmingham.

Waɗannan masu hujin an fara buga su a 1907. Aninin farko ma da sanholo aka yi shi, aka ga ba ya jure wa, aka canza ƙarfen a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa yi wa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Sulenka na 1959 kuwa na Babban Bankin Nijeriya ne, shekarar da ya fara aiki ke nan, kuma an ci kasuwa da shi har 1973 da naira da kwabo suka zo, sule ya zama kwabo goma.

Yanzu ga inda nake so abokinka ya saurare ni. Kafin Turawa su ci ƙasar nan a 1903, kuɗin da Bakatsine ke kashewa a kasuwa wuri ne. Ƙwanson wata halittar teku ne, asalinsa daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya, ya biyo hannun 'yan kasuwa har ya iso mu. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851, ya kuma rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. A keso ake ɗura shi, keso ɗaya wuri 20,000. Sarakunanmu ba su buga sulalla ba. Na'urarku ƙarfe take ji, wuri kuwa ba ƙarfe ba ne, ko kun taka tulu cike da shi ba za ta yi ƙara ba. Ke nan kufan da aka tashi daga cikinsa kafin zuwan Turawa kusan shi ne wurin da ya fi ko'ina rashin sulalla. Abin da za ta ji a can shi ne kan kibiya, munduwa, kashin maƙera, da kayan da aka binne mamata da su. Kuma waɗannan su ne ba a so a taɓa.

Baban Khalifa:
To Malam, liyari fa? Kakata tana da shi a cikin adudunta, mai hoton wata mata mai ƙiba, an rubuta 1780. Ai wannan ya girmi Lugga nesa ba kusa ba.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarka, liyari ya shigo ta hannun fataken Sahara tun kafin Turawa. Matar da ke jikinsa sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, a 1780 ta rasu. Amma 'yan kasuwa sun saba da shi har ba sa karɓar wanda aka canza wa fasali, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a sauya ba har ƙarni na 20. Saboda haka na kakarka zai iya zama na kowane lokaci. Nauyinsa giram 28 ne, mafi yawansa azurfa. Ba kuɗin sayen daddawa ba ne, ajiyar attajirai da sarakuna ne, ba ya faɗuwa a kasuwa a bar shi.

Maƙerin Farfaru:
Kuma mafi yawansa ya ƙare a tukunyar narkin iyayenmu. Awarwaro da zobe da kayan doki na da, da yawansu liyari ne aka narka.

Hajiya Inna:
Ni dai kun tuna mini da ƙuruciya. Ɗana, kwabon nan da kake jiƙawa a ruwa mun kashe shi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a zare take shirya kwabbai ta hujin nan ta ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane in za ta kasuwa. In zaren ya tsinke cikin rairayi, to sai abin da Allah ya nufa za a tsinta. Ina jin irinsu ne kuke tonowa a gindin kukar nan. Kuɗin mai fura ne da mai ƙuli-ƙuli da mai itace. Taro da ahu kuwa yaran yanzu ko sunansu ba su sani ba. Amma maganar kufai ka bar ta. Mutane ne kwance a wurin, ko ba ka ga alamar kushewa ba.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Amin Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi abin da kika faɗa ya yi daidai da yadda muke samunsu: ɗaya nan, ɗaya can, ba su kai zurfin taki guda ba, ba a tare ba.

Almajirin Zaure:
Bari in ɗan taɓa ɓangaren fiƙihu, malamai su gyara mini. Dukiyar da aka samu a binne ana ce mata rikazi, kuma hadisi ya inganta cewa a cikin rikazi akwai humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Amma Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa rikazi shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne, wanda aka samu ba tare da kashe dukiya ko babban aiki ba. Abin da aka nema da kuɗi da wahala, wani lokaci a dace wani lokaci a rasa, ya ce wannan ba rikazi ba ne. To wanda ya sayi na'ura yana yawo da ita ya duba wannan magana da kyau.

Na biyu, abin da Musulmi ya binne ko ya yar, hukuncinsa na tsintuwa ne: a yi cigiya shekara guda, sai in abu ne ƙanƙani wanda mai shi ba zai waiwaye shi ba. Kwabo ɗaya da ya faɗi shekara tamanin da suka wuce ina ganin yana cikin wannan. Amma da za ku ci karo da tukunya cike da sulalla a tsohon kangon gida, to magada za a nema.

Na uku, a mazhabarmu, in ƙasa tana da mai ita, abin da ya rage bayan humusi na mai ƙasar ne, ba na wanda ya tono ba. Kuma malamanmu sun karhanta tonon kabarin mutanen jahiliyya don neman dukiya, balle na Musulmi wanda haramcinsa ba ya buƙatar dogon bayani.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Allah ya gafarta Malam, ke nan ko na gonar kawuna sai na kai masa?

Almajirin Zaure:
Ka kai masa ya gani. In ya ce ya bar maka, shi ke nan, ka ci halal ɗinka da kwanciyar rai.

Mai Na'ura:
Salamu alaikum. Ni ne abokin da ake magana, yanzu aka sa ni a zauren. Na karanta komai, kuma na gode, amma ku ma ku ji nawa.

Malamin Tarihi, ranka ya daɗe, kana cewa kada a taɓa. To wa ke tsaron kufan? Duk damina garmar shanu na bi ta kansa tana farfasa tukwane. Masu tifa na ɗibar ƙasa a gefensa suna kai wa magina. Ganuwar Katsina kanta, ina take? Mun taso mun ga sauranta, yau wurare da yawa gidaje ne da shaguna a kai. Ba mai na'ura ne ya cinye ta ba. Ni in na tono abu aƙalla zan wanke shi in adana. In na bar shi, tifa ce za ta kwashe shi a zuba a harsashin ginin wani. Kuma maganar gaskiya, kuɗi na sa na sayi na'urar nan, ina da iyali. A Ingila mutum ya tsinci dukiya da irin wannan na'ura gwamnati ta biya shi. Mu nan sai dai a ce kada ka taɓa.

Injiniya Daura:
Mai Na'ura, ka kawo hujja mai nauyi. Kafin Malam ya amsa, bari in faɗi wani abu kan na'urar. Faifan da ke ƙasanta yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, in ya haɗu da ƙarfe sai ƙarfen ya mayar da amsa, ita ce ƙarar da kake ji. Abu mai girman kwabo da wuya ta ji shi in ya wuce zurfin santimita 25 zuwa 30. A jigawa irin tamu ta Daura tana aiki lafiya, amma a ƙasa mai marmara sai ta yi ta ƙarar ƙarya saboda ƙarfen da ke cikin dutsen, sai ka daidaita ta da ƙasar wurin. Kuma irin ta masu neman zinare an yi ta ne ta ji komai, ba ta iya tace ƙusa daga sule sosai. A kufai inda ko'ina kashin maƙera ne, za ka yi ta haƙa rami bayan rami. Kafin wata guda ka mayar da wurin kamar gonar da aka cire rogo.

Malamin Tarihi:
Mai Na'ura, maganarka kan ganuwa da masu tifa gaskiya ce, kuma tana ci mini rai fiye da yadda kake zato. Amma ka ba ni dama in nuna maka bambancin tono da tono.

Ka san Durɓi ta Kusheyi, nan ƙasar Mani, ba nisa da inda kuke. Tuddai ne da aka binne manyan ƙasar nan na da. Bature Palmer ya tona wasu a 1907. A 1992 aka sake tona wasu tare da masana daga Jamus, kuma a wannan karon ba a tsinci kayan ɗaya-ɗaya an zuba a buhu ba. An ɗauko su tare da ƙasar da ke riƙe da su, daga baya aka kai birnin Mainz na Jamus aka buɗe a hankali. Aka samu mundaye, da kayan zinariya, da wuri, da tasar tagulla wadda aikinta ya nuna daga ƙasashen gabas ta fito, har da ragowar tufafi da fata. Da haka aka iya auna shekarun kaburburan, aka tabbatar Katsina na cinikayya da nesa tun ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Da mai na'ura ne ya riga su, zai ciro tasar ya sayar, ƙyallen da ke manne da ita ya karkaɗe shi ya zubar, alhali irin wannan ƙyalle da ƙashi da gawayi su ake aunawa a san zamanin abu. Munduwa a hannunka munduwa ce kawai. Sai an san a wane zurfi take, kusa da me, a hannun wa, sannan take ba da labari.

Kuma mun riga mun ga abin da tonon kasuwa ke yi. Mutum-mutumin yumɓu da ake kira na Katsina, tare da na Nok da na Sakkwato, an yi ta haƙo su a ɓoye ana fitarwa Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya a shekarar 2000. Suna can a ɗakunan masu kuɗi da sunan garinmu, mu kuwa ba mu san ko daga wane tudu aka ciro yawancinsu ba. Waɗanda suka yi haƙan ba su yi arziki ba, dillalai ne suka ci.

Barista Ƙofar Ƙaura:
In ƙara da ɓangaren doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai lamba 77 ta 1979, ta hana kowa yin haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha. Wanda ya ci karo da irin wannan kaya ba da niyya ba, kamar manomi ko mai haƙa rijiya, an ba shi kwana 7 ya sanar. Saye da sayarwa sai ta hannun wanda aka amince wa, fitarwa waje kuma sai da takarda. Kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da dokar ta kira kayan tarihi. Kwabon 1936 a gonar kawu ba shi ne abin damuwa ba, kufai kuwa kai tsaye ya faɗa ciki.

Maganar Ingila, haka ne ana biya, amma dokarsu ta 1996 ta wajabta kai rahoto, kuma ladan ana raba shi ne da mai gonar. Su ma an hana shiga wuraren tarihi da aka keɓe da na'ura.

Sannan ku yi la'akari da halin da ake ciki. Mutum biyu baƙi a bayan gari, da wata na'ura da abin ji a kunne, suna haƙa kusa da tsoffin kushewa. Kafin ku yi bayani 'yan sintiri sun kewaye ku. Ko gonar kawun ma ku sanar da mai unguwa.

Mai Na'ura:
Barista na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: in na bari, masu tifa su kwashe, me aka tsira da shi?

Malamin Tarihi:
Ba a tsira da komai ba in kowa ya yi shiru, shi ya sa ba shiru nake ce maka ka yi ba. Kai ne ka san wurin, kai ka ga inda ake ɗibar ƙasar. Ka ɗauki hoton tuddan da tsingaron yadda suke a ƙasa, kada ka kwashe, ka ɗauki alamar wurin a wayarka. Ka kai wa ma'aikatan gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ka kuma gaya wa dagacin yankin, don shi ne zai iya tsayar da masu tifa gobe-goben nan. Sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ƙofa ce, kuma a Zariya akwai sashen ilimin tono kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. In aka zo yin aiki bisa ƙa'ida, mai na'ura da ya iya ta yana da amfani.

Wuraren sulalla kuwa ba su ƙare muku ba: tsoffin kasuwannin ƙauye, inda aka yi awon gyaɗa da auduga, zangon fatake, gindin durumin da ake karɓar haraji da jangali. Da izinin masu wurin. Ku riƙa rubuta inda kowane ya fito da shekararsa. In kuka tara na kasuwa ɗaya, shekarun da ke jiki za su nuna muku lokacin da ta yi tashe da lokacin da ta mutu, abin da ba lallai a same shi a wani littafi ba.

Maƙerin Farfaru:
Kuma don Allah kada ku goge su da toka ko lemun tsami ko tsamiya. Yana cinye rubutun. Ruwa da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa, ku shanya su bushe sarai, kowane a takardarsa.

Hajiya Inna:
Ku mayar da ƙasa cikin ramin in kun gama. Kada dabbar wani ta karye.

Mai Na'ura:
To Hajiya. Malam, zan je wurin dagacin, don masu tifar nan sun daɗe suna ba ni haushi. Gidan tarihin kuma ban saba shiga irin ofisoshin nan ba, sai dai in za ka raka mu.

Malamin Tarihi:
Zan raka ku. Litinin da safe ba ni da aji sai bayan azahar. Ku zo da hotunan, ku zo da sulallan ma su gani. Injiniya, in akwai irin wannan kufai a wajenku da ake ɗibar ƙasa, ka turo mini ta akwati mu haɗa a kai gaba ɗaya.

Injiniya Daura:
Akwai ɗaya a hanyar Zango. Zan bi ta can ranar Asabar in ɗauko hoto.